Zuma ta sauka a gida: da me ake kama ta, yaya ake kai ta garka?

"Assalamu alaikum Malam. Da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya iyali? Ni malamin makaranta ne a nan Maradi, muna zaune a unguwar Zariya. Shekaranjiya da hantsi zuma ta zo ta sauka a reshen bedin da ke tsakar gidanmu, ta yi babban curi. Ban da ita kuma, akwai wata da ta shiga tsakanin tol da filafon ɗakin tsohuwarmu tun bara, tana shiga tana fita ta wata ƴar kafa. Maƙwabta sun ce a sa wuta ko a fesa fiya-fiya, ni kuma raina bai so ba. Na ga a intanet Turawa suna da injin da ke zuƙe zuma, da wasu akwatuna na kama ta. Don Allah waɗanne kaya ne suke aiki da gaske, kuma ana samunsu a nan? Ina da ƴar garka a Jiratawa, da so samu ne can zan mai da su. Allah ya ƙara basira."

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka tambaya kafin a ɗauko ashana. Kana neman sanin kayan kama zuma, da inda za ka same su, da yadda za ka kai ta Jiratawa. Amma aiki biyu ne a gabanka, kuma kayansu ba ɗaya ba ne. Ta kan bedi baƙuwa ce mai wucewa, ba ta da saƙa, ba ta da ƴaƴa, ba ta da abin da za ta tsare. Ta cikin filafon kuwa mazauniya ce, shekara guda tana gini, tana da ƴaƴa da abinci, kuma za ta yi faɗa a kansu. Ta farko da bokiti da zane ma ana kama ta. Ta biyu ko injin da ka gani aka ba ka, ban yarda ka taɓa ta kai kaɗai ba.

Wuta da fiya-fiya kuma a ajiye maganarsu. Wuta a ƙarƙashin tol, inda katako ya bushe ga kaki ga ruwan zuma, gobara ce. Fiya-fiya guba ce mai ƙarfi, ɗakin da tsohuwa ke kwana ba wurin fesa ta ba ne, kuma in ƙudan sun mutu saƙar tana nan da gubar a jikinta: zafi ya narkar da ita ta tsiyayo ta bango, yara su lasa, wata zumar ta zo ta kwasa ta kai amyar wani bawan Allah.

Ta kan bedi

Idan amya ta cika da ƙudaje kuma abinci ya wadata, tsohuwar sarauniya takan fita da kusan rabin jama'arta, ta bar gidan ga sabuwar da za a ƙyanƙyashe. Kafin su fito sukan cika cikinsu da ruwan zuma, guzurin tafiya. Sai su sauka a reshe su dunƙule, sarauniya a tsakiya, wasu kaɗan daga cikinsu su bazu neman masauki. Wanda ya ga wuri mai kyau ya dawo ya yi rawa a kan curin don ya nuna wa sauran hanya, har ra'ayinsu ya zo ɗaya su tashi. Wannan zama daga ƴan sa'o'i ne zuwa kwana biyu ko uku. Don haka mai yiwuwa kafin ka karanta amsar nan sun riga sun tafi. In kuma suna nan, ka sani kowace rana guzurinsu raguwa yake, kuma curin da ya kwana uku da yunwa ba shi da haƙurin wanda ya sauka yau.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwati mai murfi, ko kwali mai ƙarfi, ko bokiti babba. Farin zane a shimfiɗa a ƙasa. Kwalbar fesa ruwa irin ta masu aski, sabuwa ko wadda aka wanke sarai, a zuba ruwa da ɗan sukari. Reshen kalgo ko na bedi mai ganye don shara. Da la'asar sakaliya, rana ta yi sanyi, a ɗan fesa wa curin ruwa fukafukansu su yi nauyi, a tara akwatin daidai ƙarƙashinsa, a girgiza reshen sau ɗaya da ƙarfi. Girgiza ɗaya mai kyau ta fi goma na tsoro, domin ita ce ke sa curin ya faɗo gaba ɗaya da sarauniyar a ciki. Sai a sauke akwatin a kan zanen, a rufe, a bar ƴar kafa.

Daga nan ido ne ke aiki. In sarauniya tana ciki, za ka ga wasu ƙudaje sun tsaya a bakin kafa, sun ɗaga gindi sama suna kaɗa fukafukai. Ƙamshin kira suke watsawa, kuma waɗanda ke yawo a sama za su riƙa sauka suna bin layi suna shiga. In ka ga akasin haka, suna fitowa suna komawa reshe, to tana can, sai a jira su sake taruwa a maimaita. Ba a ɗauke akwatin sai duhu ya yi, don masu neman masauki su dawo su shiga. In an ɗauke da rana, za a bar maka ɗaruruwan marayu suna shawagi a tsakar gida kwana da kwanaki, kuma su ne ke harbin mutane.

In curin ya yi nisa, tsani bai kai ba, akwai abin da muke haɗawa: mai walda ya lanƙwasa ƙarfe ya yi zobe, a ɗinka masa buhu ko yadi mai kauri, a kafa shi a kan doguwar gora. A tura zoben ya haɗiye curin daga ƙasa, a bugi reshen, a sauke a juye cikin akwati. Bokiti a ɗaure a kan gora ma yana yi. Buhun leda ne ban so, iska ba ta shiga, zafi yana kashe su cikin ƴan mintuna.

Akwatin tarko, wanda na fi ba ka shawara

A cikin duk abin da ka gani a intanet, wannan shi ne mai amfani ƙwarai, kuma ba baƙo ba ne a wurinmu. Mutanen Madarumfa da na gefen dajin Baban Rafi tun kaka da kakanni suke saƙa amya da gamba, su shafe ta da kashin shanu, su turara ta, su ɗora a kan itace su jira zuma ta shiga da kanta. Tarko ke nan. Abin da na zamani ya ƙara shi ne kana iya sauke shi ka fitar da saƙa ɗaya bayan ɗaya ba tare da ka fasa gidan ba.

Wani malamin jami'ar Cornell a Amurka, Thomas Seeley, ya yi bincike tun shekarun 1970 kan irin masaukin da zuma ke zaɓa. Ya samu cewa ta fi son rami mai cin kusan lita 40, mai ƙaramar ƙofa daga ƙasa, a wuri mai tsawo. Wannan zumar Turai ce. Tamu ta Afirka ta fi ƙanƙanta, curinta ma yakan fi ƙanƙanta, kuma tana karɓar wurin da bai kai haka ba. Ni ina sa kafinta ya yi mini mai cin lita 20 zuwa 30, da fasalin amyar Kenya, wato mai faɗi a sama mai tsukewa a ƙasa, amma gajere, mai ɗaukar sanduna shida ko bakwai, wato ƴan katakon da ake jerawa a samanta zuma ta rataya saƙa a jikinsu. Ita amyar Kenya an tsara ta ne a farkon shekarun 1970 don zumar Afirka da aljihun manomin Afirka, kuma kowane kafintan kirki a Maradi zai iya yin ta in ka ba shi awo.

Awo ɗaya ne ba a wasa da shi: faɗin kowace sanda milimita 32. Wannan shi ne tazarar da zumarmu ke bari daga tsakiyar saƙa zuwa tsakiyar ta kusa da ita. In kafinta ya ƙara ko ya rage, za su yi gini a karkace su haɗe sanduna biyu ko uku, ranar da ka zo ɗagawa komai ya karye. Ka tsaya a kansa da ma'auni. Kuma ka tabbata sandunan tarkon daidai suke da na babbar amyar da za ka ajiye a garka, yadda in zuma ta shiga, ɗaga su kawai za ka yi ka jera a can.

Abin da ke jawo ta ƙamshi ne. A narkar da kakin zuma a zuba siririn layi a tsakiyar kowace sanda daga ƙasa, shi zai nuna musu inda za su fara saƙa. A goga kaki da danƙon zuma, wato ƙaron da take liƙe tsagogin amya da shi, a bangon ciki. Sannan a murza ganyen sitironel, ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami da ake sa wa shayi, a goge bakin ƙofa da shi. Dalili kuwa, sinadarin da ke cikinta yana kama da ƙamshin kiran da na ambata ɗazu. Kaɗan ake sawa, in ya yi yawa kora yake. Ruwan zuma ko sukari kada ka sa, cinnaka da tururuwa za ka tara. Akwatin da zuma ta taɓa zama a ciki ya fi sabo kamu nesa ba kusa ba, don haka in ka san mai kiwo, ka roƙe shi tsohuwar sanda ko guntun baƙar saƙa.

A rataye shi da waya a inuwa, mita biyu zuwa huɗu daga ƙasa, a shafa wa wayar man giris don tururuwa. A nan yankinmu na fi samun kamu daga ƙarshen damina zuwa kaka, lokacin da ciyawa da wake da riɗi suka yi fure sannan gawo ya karɓa, sai kuma lokacin furen mangwaro da bedi. Tun da sassabin zamani, wanda ya fara a nan ƙasar Maradi a shekarun 1980, ya mayar da itatuwa cikin gonaki, zuma na da abin ci a wurare da dama da a da fili ne fetal, kuma mai tarko shi ke cin ribar hakan. Ganin ƙudaje suna leƙa ƙofa ba shi ne kamu ba, masu dubawa ne. Ranar da ka ga suna shiga da garin fure a ƙafafunsu, ranar ce ka san sarauniya ta zauna ta fara ƙwai.

Ta cikin filafon

Hanya ta farko, kuma ita ce ta gaskiya, a buɗe a fitar da komai. Ana kwashe tsohuwa da yara da dabbobi daga gidan, a sanar da maƙwabta, a yi aikin da almuru zuwa dare da tocila da aka rufe bakinta da jan ƙyalle, tunda zuma ba ta ganin ja sosai. A ba da hayaƙi kaɗan kaɗan. Gwangwanin hayaƙi mai mafuri maƙeran kasuwa suna iya ƙera shi in sun ga samfuri, kuma busasshen kashin shanu ko totuwar masara ko tsohon buhun algarara suna ba da hayaƙi mai sanyi. A cire allon filafon, a yanko saƙa ɗaya ɗaya da doguwar wuƙa. Mai ruwan zuma a sa a bokiti mai murfi. Mai ƴaƴa a ɗaure ta a jikin sanda da zaren auduga ko tsinken yadi, yadda take a tsaye, samanta a sama. Cikin ƴan kwanaki ƙudan za su liƙe ta da kaki su ciccije zaren su fitar. Saƙar ƴaƴan nan ita ce ke riƙe su a sabon gida. Zumarmu tana da saurin gudu, abu kaɗan ya dame ta sai ta watsar da amya ta yi gaba, amma da wuya ta tafi ta bar ƙananan tsutsa.

A nan ne ƴar kejin sarauniya ke da rana. Ƙaramin abu ne na roba mai kama da abin kama gashi na mata, ramukansa ƙudaje ma'aikata na iya wucewa, ita ba ta iya. Wanda bai samu ba ya naɗe guntun ragar waya ya toshe bakin da ɗan itace. In aka gan ta, ta fi sauran tsawon ciki, a sa ta a keji a rataye tsakanin sanduna, sauran za su biyo ta. Kwana biyu zuwa uku a sake ta. Kada a wuce haka, musamman in daga curi aka kamo ta, don wani curin budurwar sarauniya ke ja, kuma dole ta fita ta yi barbara a sararin sama. In ka tsare ta ka kashe gidan da hannunka.

Injin zuƙa da ka tambaya, amfaninsa a irin wannan aikin ne kawai: tattara ƙudajen da suka maƙale a lungun da hannu ba ya kaiwa. Ba injin sharar ɗaki ba ne kai tsaye, wannan niƙe su zai yi. Akwati ne ko bokiti da aka raba da ragar waya, injin yana jan iska ta bayan ragar, ƙudaje su shigo ta tiyo mai santsin ciki su tsaya a gabanta, kuma akwai wata kafa da ake buɗewa don rage ƙarfin ja har ya zama da ƙyar yake ɗaga su. Mai haɗa kayan lantarki zai iya yi maka shi. Amma ga ra'ayina, kada ka kashe kuɗinka a kai. Zuma tana riƙe ɗumin gidanta a wajen digiri 35, mu kuwa a Afrilu da Mayu inuwa ma tana wuce 40. Dubban ƙudaje a cunkushe cikin bokiti, a firgice, nan da nan zafi ke hawa, su amayar da abin da ke cikinsu, su jiƙe su mutu. Ga matsalar ɗaukewar wuta ana tsakar aiki. Mai sana'ar cire zuma kullum zai amfana da shi. Mai aiki ɗaya, reshen ganye da ƙwarya sun ishe shi.

Hanya ta biyu ta inda ba a iya fasawa ce, kamar bangon siminti ko kogon itacen da ba a so a sare. A toshe duk kafofi a bar ɗaya, a kafa mata mazurari na ragar waya mai tsawon kamu biyu, bakinsa siriri yana kallon waje. Ƙuda ya fita, in ya dawo ba ya gane hanyar shiga. A ajiye akwati dab da wurin da saƙa mai ƙwai da ƙananan tsutsa daga wata amya, sai su koma ciki su reni sabuwar sarauniya. Yana aiki, amma yana cin mako shida zuwa takwas, tsohuwar sarauniya galibi a ciki take mutuwa, kuma kwanakin farko ƙudaje sukan cika wurin a fusace. A garka ko bayan gari na yarda da shi. A tsakiyar Zariya, a bakin ɗakin tsohuwa, ban ba ka shawararsa ba.

Ko wacce aka bi, in an gama a kankare kakin tas, a wanke wurin, a toshe kafar da siminti ko raga. Ƙamshin tsohon gida yana daɗewa, kuma in aka bar kafa a buɗe wani curin zai zo ya shiga.

Kariya

Zuma ga zaƙi ga harbi, kuma tamu ta fi ta bidiyon da ka kalla zafin rai sosai. Bature na iya aiki hannu tsirara don irin zumarsa ce ta ba shi dama. Kai ka sa tela ya ɗinka yankin sange a kewayen malafa, ya sauko har ƙirji a cusa cikin riga. Tufafi masu kauri farare ko masu haske, safar hannu ta roba, takalmi rufaffe, a ɗaure ƙafar wando. Kada ka sa turare. In an harbe ka, kankare ƙarin da farce nan take ka busa wa wurin hayaƙi, domin ƙarin yana fitar da warin da ke kiran sauran. Tumaki da awaki da ke ɗaure da kajin da ke cikin akurki su suka fi mutuwa a irin wannan rana, tunda ba su da hanyar gudu, don haka su za a fara fitarwa. Wanda aka harba ya ji numfashi na sarƙewa, ko fuska da leɓe sun kumbura, ko jiri ya kama shi, asibiti za a nufa da shi a take, ba a jira a ga yadda za ta kasance. In zuma ta tashi ta auka wa unguwa, lambar ƴan kwana-kwana 18 ce.

Tafiya Jiratawa

Zuma tana haddace wurin gidanta. In ka matsar da amya ƴan mitoci da yawa a gida ɗaya, masu fita kiwo za su koma tsohon wuri. Ƙa'idar masu kiwo ita ce ko dai ƙasa da mita ɗaya, ko a wuce kilomita biyar. Daga Zariya zuwa Jiratawa ka wuce wannan, ba ka da damuwa.

Bayan isha'i ko kafin asuba ake tafiya. A toshe ƙofa da ragar waya don iska ta shiga, a ɗaure murfi da igiyar roba, a duba duk wata tsaga. Sabuwar saƙa laushi gare ta, rami ɗaya a hanya ya isa ya tsinke ta, don haka a sa katifa ko buhunan ƙaiƙayi a ƙasa, a tafi a hankali. Amalanken shanu ko na jaki kada a yi amfani da shi, in ƙudaje kaɗan suka fita suka harbi dabbar, za ta zabura ta kifar da kayan. Adaidaita ko bayan mota a buɗe ya fi.

A garka, ka shirya wurin tun kafin ranar. Inuwa mai kauri, nesa da hanyar mutane da wurin ɗaure dabbobi, ƙofa tana kallon inda ba a bi, da shinge ko zana a gabanta don su tashi sama kafin su miƙe. Amyar a kan ƙafafun ƙarfe ko a rataye da waya, saboda gara da tururuwa da ƙadangare. Kaskon ruwa da tsakuwa ko ƴan itace a ciki, kada ya taɓa bushewa a bazara. Ka buɗe ƙofa ka ja da baya, kuma ka bar su mako biyu ba ka ɗaga murfi ba. Yawancin zumar da ke gudu bayan an kai ta sabon wuri, yawan leƙen mai ita ne ko zafin rana ya kore ta.

Abu ɗaya da ke damuna game da Jiratawa shi ne feshi. Wuri ne na noman rani, ga zogale ga kayan lambu, kuma ana fesa maganin ƙwari sosai. Ka zauna da maƙwabtan garkarka ku yi magana, ka roƙe su su riƙa feshi da yamma lis bayan zuma ta koma gida, su kuma guji lokacin da shuka ke cikin fure. Su ma suna da riba, don kabewa da kankana da guna suna ƙara ƴaƴa inda zuma ke kiwo.

Iyakar abin da zan iya daga nesa ke nan. Ban ga filafon ba, kuma girman saƙar da ƙarfin katakon da wurin da wayoyin lantarki suka bi su ne za su nuna ta inda za a buɗe. Ko an yi komai daidai, wani gidan yakan gudu, wannan halin zumarmu ne. Ta kan bedi ka gwada da kanka in kana da kariya da mataimaki ɗaya mai natsuwa. Ta ɗakin tsohuwa ka nemi wanda ya saba, ma'aikatan gandun daji sun san masu kiwon zuma na Madarumfa da kewaye, za su iya haɗa ka da su. Kafin ya zo, a mai da tsohuwa wani ɗaki, kada kowa ya toshe kafar, domin in aka toshe ta waje cikin ɗaki za su nemi hanya, kuma ka sa kafinta ya fara aikin amyar tun yanzu don ranar cirewa a sami inda za a jera saƙar.